Takardar cikin kwalin magani: a nuna wa mara lafiya ko a ɓoye masa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka. An ɗora mahaifinmu a kan maganin hawan jini, lisinopril, ƙwaya ɗaya kullum. Baba mutum ne da ba ya ganin rubutu ya wuce. Ya zaro takardar nan ta cikin kwali, ya sa tabarau ya bi ta daga sama har ƙasa. Da ya kai wurin illoli ya ga matsalar ƙoda, kumburin fuska, jiri, suma, sai ya ninke ta ya ce shi ba zai sayi cuta da kuɗinsa ba. Yanzu ga magani a ajiye, ga jini yana hawa. Yayanmu ya ce nan gaba a riƙa cire takardar kafin a miƙa masa kwali. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Me kuka gani?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Anti. Yayanku ya faɗi gaskiya. Wannan takardar ba don irinmu aka rubuta ta ba. Likita ya riga ya duba Baba, ya zaɓa masa magani, me kuma ya rage? A cire ta a huta. Tsoho in tsoro ya shige shi, fitar da shi sai an sha wuya.

Baban Yara:
Ni ma ra'ayina ya fi karkata can, amma dalilina daban. Kamfani ke kare kansa. Ya zuba duk abin da zai iya faruwa a duniya cikin ƙananan rubutu, domin ranar da wani abu ya same ka ya ce ai mun faɗa maka. In da don mu suka yi, da ba su rubuta da harafin da sai mai ƙuruciyar ido zai iya gani ba.

Mai Harhaɗa Magani:
Allah ya ba Baba lafiya. Hajiya, kada ku cire masa takardar, amma kada kuma ku bar shi da ita shi kaɗai. Bari in yi bayani, zan rubuta sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali don kowa ya iya dubawa.

Abin da ya tsorata Baba shi ne ya ɗauki jerin illolin nan a matsayin alkawari, wato duk wanda ya sha sai sun same shi. Ba haka ba ne. A yawancin takardun da aka tsara bisa ƙa'idar Turai, an kasa illolin gida-gida gwargwadon yawan faruwarsu. Akwai wanda kan sami fiye da mutum 1 cikin 10. Akwai wanda ke tsakanin 1 cikin 10 da 1 cikin 100. Sai na 1 cikin 100 zuwa 1 cikin 1,000, sai na 1 cikin 1,000 zuwa 1 cikin 10,000, sai na ƙarshe wanda bai kai ko 1 cikin 10,000 ba. Mutum in ya karanta sunayen cututtukan ya tsallake waɗannan lambobin, to rabin takardar ya karanta, kuma rabin da ya fi ban tsoro.

A lisinopril, abin da aka fi gani shi ne busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, da jiri idan mutum ya miƙe tsaye da sauri, musamman a kwanakin farko. Tarin ba ya kisa, kuma in ya dame shi likita zai iya canja masa zuwa wani aji, irin su losartan. Amma akwai layi guda da nake so Baba ya haddace: idan leɓe ko harshe ko fuska ya kumbura, ko numfashi ya fara wuya, a daina sha a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Ba kasafai yake faruwa ba, sai dai an fi ganinsa a baƙar fata fiye da sauran jinsi, kuma takardar da kanta tana faɗin haka. Idan kuka cire ta, kuma ba wanda ya gaya masa, ranar da ya tashi da kumburarren leɓe cewa zai yi ƙwaro ne ya cije shi, ya koma ya kwanta.

Ɗan Auta:
Malam, ai wannan layin likita ne ya kamata ya faɗa masa da baki. Ba sai an ba shi shafi biyu na tashin hankali ba.

Nas Mai Ritaya:
Ɗana, ya kamata, ban musa maka ba. Amma na yi aiki a ɗakin jinya, na san yadda mara lafiya ke fita daga gaban likita. Hankalinsa na kan sakamakon gwajin da aka gaya masa, ko an yi masa bayani kafin ya kai ƙofa ya manta mafi yawa. Takarda ita ce ke biyo shi gida. Kuma likita ba ya kwana tare da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda ke shan maganin ne zai fara jin canji a jikinsa, amma sai in ya san abin da zai lura da shi.

Baban Yara, maganarka ta kamfani akwai gaskiya a ciki, amma ba kamfani ne ya ga dama ya fara sa takardar ba, dole aka yi masa. A shekarar 1957 an fara sayar da wani magani a Jamus ta Yamma mai suna thalidomide, ana ba da shi don barci, masu juna biyu kuma suna sha don laulayi. Aka yi ta cewa ba shi da wata illa. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai sama da 10,000 a ƙasashe daban-daban da gajerun hannuwa da ƙafafu, wasu ma babu su sam. A Amurka wata likita a hukumar kula da magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a ba shi lasisi don ba ta gamsu da hujjojin kamfanin ba, shi ya sa abin bai yi musu yawa ba. Bayan wannan masifar ne Amurka ta tsaurara dokarta a 1962, Ingila ta ƙirƙiro tsarin kai rahoton illar magani a 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe nata shirin a 1968. Duk lokacin da na ga an rubuta "kada mai juna biyu ta sha" a jikin kwali, waɗannan yaran nake tunawa.

Malamin Lissafi:
Ina so in ba Ɗan Auta haƙƙinsa, domin maganarsa ba ta fanko ba ce. Tsoro kansa yana sa ciwo. A 2020 masu bincike a Landan sun wallafa wani gwaji da suka yi da mutum 60 waɗanda suka daina shan maganin rage kitsen jini saboda sun ce yana sa musu ciwon jiki. Aka ba kowannensu kwalabe 12, ɗaya a wata: huɗu da maganin gaske, huɗu da ƙwayar da ba komai a cikinta, huɗu kuma wayam. Ba su san wace ƙwaya ce ta gaske ba. Da aka haɗa lissafi, kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji a watannin maganin gaske, sun ji shi a watannin ƙwayar banza ma. Ba ƙarya suke yi ba, ciwon suna jinsa, amma ba daga sinadarin yake ba. To wanda ya karanta "ciwon kai, kasala, jiri" kafin ya haɗiyi ƙwaya, zai fi saurin jinsu.

Ɗan Auta:
Yauwa! Allah ya saka, Malam. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Malamin Lissafi:
Tsaya ka ji ƙarshen. Da aka gama gwajin aka nuna wa kowa sakamakonsa, rabinsu sun koma shan maganin. Abin da ya dawo da su bayani ne, ba ɓoyo ba. Don haka ni ban ce a cire wa Baba takarda ba. Na ce a zauna da shi a juya masa lambobin. In aka ce 1 cikin 1,000, a gaya masa cewa mutum 999 sun sha ba su ga wannan abin ba. Sannan a tuna masa abin da takardar ba ta cika faɗa ba, wato illar barin maganin. Hawan jinin da aka ƙyale shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya, kuma ƙodar da yake ji wa tsoro hawan jini na cikin manyan masu lalata ta.

Ƙanwar Maza:
Ni dai duk mai cewa a ɓoye takarda bai ga abin da na gani ba. An ɗora ƙanwata a kan carbamazepine saboda farfaɗiya. A leda aka ba mu ƙwayoyin, ba kwali ba takarda, an dai rubuta yadda za a sha. Cikin makonnin farko ta fara zazzaɓi, idonta ya yi ja, ƙuraje suka feso mata. Muka ɗauka ƙyanda ce ko wani zazzaɓi, muka ci gaba da ba ta maganin safe da dare. Sai da leɓenta da cikin bakinta suka saluɓe, fata ta fara ɗayewa, sannan muka kai ta. Likitocin suka ce maganin ne jikinta bai karɓa ba, kuma da an tsayar tun ranar da ƙurajen suka fito da abin bai kai haka ba. Ta rayu, alhamdulillahi, amma har yau idonta ba ya jure haske. Daga baya na samo takardar maganin na karanta, ga shi nan an rubuta ɓaro-ɓaro. Ba wanda ya gaya mana.

Uwar Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ƙara mata lafiya, 'yar'uwa.

Nas Mai Ritaya:
Amin. Sannu 'yata, kun ga jarrabawa. Wannan shi ake kira ciwon Stevens-Johnson. Bayan carbamazepine, ana ganinsa da lamotrigine, da allopurinol, da co-trimoxazole, da nevirapine. Ƙuraje tare da zazzaɓi, ko gyambo a baki ko ido, a makonnin farko na sabon magani, ba abin da ake jira a ga gobe ba ne.

Baban Yara:
Allah ya ba ta lafiya. To amma kun ga abin da nake faɗa? Abin da zai iya kashe mutum da abin da bai wuce bushewar baki ba, duk harafi ɗaya, girma ɗaya. Ta ina talaka zai gane wanda zai riƙe?

Mai Harhaɗa Magani:
Nan kam ina tare da kai, Alhaji. Takardun da yawa an cika su har sun yi wuyar karantawa, kuma wannan aibi ne na gaske. Hukumomi ma sun gane haka, shi ya sa a Amurka ake kewaye gargaɗi mafi tsanani da baƙin layi a saman bayanin magani. A 2008 sun sa irin wannan wa ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da 'yan ajinsa, saboda suna iya kumbura jijiya har ta tsinke, musamman ta agara, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura 60 ko yake shan magani irin prednisolone. A 2020 sun sa wa montelukast, maganin asma, saboda canjin hali da munanan mafarkai da tunanin kashe kai da aka gani a wasu.

Yadda nake koya wa mutane: kada ka fara da jerin illoli. Fara da sashen da ke cewa wa bai kamata ya sha ba, ka duba ko kana ciki. Sai sashen magungunan da ba a haɗa shi da su. Sai yadda ake sha. Sai ka nemo inda aka ce "daina sha ka ga likita nan take". Dogon jerin ka bar shi sai in ka ji wani baƙon abu a jikinka, sannan ka koma ka duba ko yana ciki.

Uwar Biyu:
Malam, na bi abin da ka ce, na duba sashen magungunan da ba a haɗawa, sai na ga ibuprofen. Baba yana shan sa kusan kullum saboda gwiwa, shi da diclofenac wani lokaci. Bai gaya wa likita ba don bai ɗauke su a bakin komai ba.

Mai Harhaɗa Magani:
To, Hajiya, wannan ya fi duk abin da ya tsorata shi muhimmanci. Ibuprofen da diclofenac suna iya ɗaga hawan jini, suna rage aikin maganin, sannan haɗa su da lisinopril a jikin tsoho yana takura ƙoda, balle in akwai maganin sa fitsari a ciki. Ga kuma gyambon ciki. Ku tattara duk abin da yake sha, har wanda ya saya da kansa da na gargajiya, ku kai wa likitan gaba ɗaya. Ku tambaya kuma game da gwajin ƙoda da na sinadarin fotasiyam, domin ana yin su kafin a fara wannan magani da kuma bayan an fara. Kada ku jinkirta, tunda yanzu ba ya shan komai na hawan jinin.

Ɗan Auta:
Wannan Anti ce ta karanta ta gano, ba Baba ba. Har yanzu ina kan bakana: mai kula da mara lafiya ya karanta, shi mara lafiyar a bar shi ya huta.

Nas Mai Ritaya:
Idan hankalinsa ya gushe, ko ciwo ya kwantar da shi, e. Amma dattijo mai cikakken hankali da ke karatu da kansa? Jikinsa ne. Ranar da ya gano 'ya'yansa na zare masa takarda, ba zai ƙara yarda da ƙwayar da ta fito daga hannunsu ba, ko da parasitamol ce.

Tsohon Direba:
Tunda an ambaci parasitamol, don Allah ina da tambaya. Idan mura ta kama ni nakan sha parasitamol, in kuma sha maganin mura na kwalba ko na ƙwaya. Akwai matsala? Sannan wanda aka rubuta "yana sa barci", ni ba ya sa ni barci, to zan iya tuƙi?

Mai Harhaɗa Magani:
Baba, juya kwalin maganin murar ka karanta abin da aka haɗa shi da shi. Da yawansu akwai parasitamol a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Iyakar babba mai lafiya giram 4 ne cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma da na cikin maganin murar ake lissafawa. Mai ciwon hanta ko mai ƙaramin jiki bai kamata ya kai haka ba ma. Muguntar wuce iyakarsa ita ce mutum na iya yini garau alhali hanta na lalacewa, sai bayan kwana biyu ko uku alamu su bayyana.

Batun tuƙi kuwa, magunguna irin su chlorpheniramine da promethazine da kodin ba sai sun rufe maka ido ba. Suna rage saurin da ƙafarka za ta kai birki alhali kai kana jin kanka daidai. Kada ka auna da yadda kake ji.

Baban Yara:
Akwai abin da ya tsaya mini. Mai Harhaɗa Magani ya ce sai 2008 aka sa wa ciprofloxacin wannan babban gargaɗin, alhali an daɗe ana shan sa. Ba a gwada magani ne kafin a sake shi?

Malamin Lissafi:
Ana gwadawa, amma lissafi na da iyaka. Gwajin sabon magani galibi a kan 'yan dubbai ake yi. Idan illa tana samun mutum 1 cikin 10,000, sai ka gwada a kan kusan mutum 30,000 kafin ka samu ƙwarin gwiwar cewa za ka gan ta ko sau ɗaya. Ga shi kuma ba a cika sa masu juna biyu da tsofaffi masu cututtuka da yawa a gwaji ba. Sai magani ya shiga hannun miliyoyi sannan wasu abubuwan su fito. Haka aka yi da Vioxx, maganin ciwon gaɓoɓi, wanda aka janye a 2004 bayan an gano yana ƙara haɗarin bugun zuciya.

Nas Mai Ritaya:
Shi ya sa kai rahoto ke da amfani. Ƙanwar Maza, abin da ya sami ƙanwarki ya kamata a rubuta shi a aika wa hukumar magunguna ta ƙasarku. Irin waɗannan rahotannin daga ƙasashe ake tara su a wata cibiya a Uppsala, cikin Suwidin, daga nan ake gane abin da ke maimaituwa. Kuma a rubuta sunan maganin a kati ta riƙa yawo da shi, duk inda za a ba ta magani ta nuna.

Amarya:
Ina bin maganar nan tun farko, gabana sai faɗuwa yake. Ina shan sodium valproate saboda farfaɗiya, kuma muna neman haihuwa. Na ga an rubuta gargaɗi game da ciki a kwalin. In daina daga yau?

Mai Harhaɗa Magani:
A'a, ƙanwata, kada ki daina da kanki. Gargaɗin gaskiya ne kuma mai nauyi: cikin jariran da aka yi cikinsu ana shan valproate, kusan 1 cikin 10 na zuwa da nakasa, kuma 3 zuwa 4 cikin 10 na samun matsalar koyo da ci gaban ƙwaƙwalwa. Amma tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya na iya tayar da ciwon da ƙarfin da zai halaka ki, ya halaka cikin ma in akwai. Ki ci gaba da sha yau da gobe kamar yadda kika saba, ki nemi ganin likitanki cikin makon nan, ki gaya masa a fili kina son haihuwa. Akwai wasu magungunan da zai iya mayar da ke kansu a hankali. Kafin a gama canjin, ku ɗauki matakin hana ɗaukar ciki. In kuma kina zaton cikin ya riga ya shiga, ki yi gwaji yau, ki je gobe da sakamakon.